Abin da Raƙumi Ya Kawo Tasawa daga Italiya

A tsakiyar watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke tafiya da sunan Abdulkarim, ya shigo Tasawa tare da ayarin gishirin Abzinawa. Wata goma ke nan da barinsa Tarabulus. Ya keto Fazzan da Gat da duwatsun Abzin, ya rabu da madugun tafiyarsu James Richardson a Damargu, ya gangaro kudu shi da abokinsa Adolf Overweg. Tasawa ce babban garin Hausa na farko da ya sa wa ido, ta kuwa shiga ransa: gidaje a inuwar itatuwa, marina na aiki, kasuwa tana ci. A lokacin garin yana ƙarƙashin Sarkin Katsina na Maraɗi, zuriyar sarakunan da jihadi ya fitar daga birnin Katsina a 1807. A wani gida ya tarar ana ƙirgar wuri, an zube shi a ƙasa ana ja biyar-biyar, sai da mutum biyar ko shida suka taru a kai kafin a kammala wuri 500,000. A canjin Kano na wannan shekara, wuri 2,500 ke sayen liyari ɗaya. Duk wannan wahala a kan kuɗin da bai wuce liyari 200 ba.

Daga Tasawa Overweg ya nufi Maraɗi da Gobir, Barth kuma ya bi ta Gazawa da Katsina ya isa Kano a farkon Fabrairu. A can ya zauna ya lissafa kayan Turai da ke kasuwa: yadi daga Manchester, ruwan takobi daga Solingen, allura da madubi daga Nuremberg, askar aski daga Ostiriya, takarda mai tambarin wata uku, da duwatsun ado daga Venis da Trieste. Kaso mai tsoka na waɗannan kaya ta hanyar da shi kansa ya biyo suke zuwa, wato Tarabulus, Gat, Abzin, Damargu, Tasawa. Duk wanda ya san garin a yau a matsayin zango a kan titin Maraɗi zuwa Damagaram, ya sani cewa a da babbar ƙofarsa arewa take kallo.

Akwai abin da bai shiga lissafin Barth ba, kuma ba mantawa ya yi ba. Babu mutum-mutumi ko ɗaya. Italiya kuwa da shi duniya ta san ta. Tun kafin Rumawa su yi ƙarfi, mutanen da ake kira Etruskawa suna gina siffar mutum da yumɓu su gasa. Akwatin gawarsu da aka tono a Cerveteri, mai siffar miji da mata a kishingiɗe suna murmushi, an yi shi wajen shekara 520 kafin haihuwar Annabi Isa. Rumawa suka zo suka cika dandalin biranensu da siffofin sarakuna na marmara da tagulla. Bayan dogon lokaci Filorens ta farfaɗo da sana'ar: Donatello, da Luca della Robbia wanda ya ƙware wajen shafa wa gasasshen yumɓu ruwan gilashi fari da shuɗi, sannan Michelangelo, wanda ya sassaƙa Dauda daga dutsen Carrara guda ɗaya tsakanin 1501 da 1504, tsayinsa ya haura mita 5.

Irin waɗannan siffofi sun tsallako teku, amma a gaɓa suka tsaya. Lebda, wadda Rumawa ke kira Leptis Magna, tana gabas da Tarabulus. Ɗanta Septimius Severus ya mulki daular Rum daga 193 zuwa 211, ya ƙawata garinsu da ginshiƙai da sassaƙa har yau ana zuwa kallo. Idan aka nausa cikin hamada sai kayan su fara ƙanƙancewa. A Jarma ta Fazzan, hedkwatar Garamantawa, abin da ake tonowa tuluna ne na mai da giya, da kofunan gilashi da fitilun ƙasa. A Abalessa ta ƙasar Hoggar, cikin kabarin da ake dangantawa da Tin Hinan wanda aka buɗe a 1925, an sami fitilar Rumawa da hoton tsabar sarki Kustantin. Barth, wanda karatunsa na jami'a a kan tsohuwar Girka ya yi, ya tsaya ya zana wani ginin kabari irin na Rumawa kusa da Jarma, daga nan bai sake ganin irinsa ba.

Dalili na farko da ya hana siffofin keta hamada a fili yake. Raƙumi kilo 150 yake ɗauka a doguwar tafiya, ko sama da haka kaɗan, tafiyar kuma ta watanni ce. Amma nauyi kaɗai bai isa hujja ba, domin masu sana'ar Italiya sun iya ƙananan siffofi na tagulla da za su shiga aljihu. Fataken Gadamus da ke riƙe da hanyar sun san abokan cinikinsu. Attajirin Katsina Musulmi ne, ba zai ajiye siffar mutum a zaurensa ba. Manomin Mayahi da bai musulunta ba tukuna, shi ma nasa tsafin a gindin tsamiya yake ko a kan dutse, bai buƙaci baƙon gunki ba. Idon Bahaushe a kan zane ya horu: dagi a goshin soro, aska takwas a ƙirjin riga, zanen wuta a bayan ƙwarya, launin kaba a faifai da tabarma irin wadda ake saƙawa a bakin Gulbin Kaba. Saboda haka abin da aka ɗoro wa raƙumi daga fasahar Italiya shi ne ɓangarenta mai launi da tsari, marar fuska.

Mutanen Italiya sun daɗe da jin labarinmu. A 1518 'yan fashin teku suka kama wani malami ɗan Fas, Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan, suka miƙa shi ga Fafaroma Leo na 10. Ya zauna a Roma a zamanin da Michelangelo ke raye, shekara goma sha biyu bayan an tono shahararren sassaƙen Laocoon daga wata gonar inabi a birnin. A can ya rubuta littafinsa kan Afirka, ya gama a 1526, aka buga shi a Venis a 1550 da sunan Leo Africanus. Ya ambaci Agadas da Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara. Da ya zo kan Gobir sai ya ce dukawanta suna ɗinka takalma irin waɗanda Rumawan da suke sawa, ana kai su Tumbutu da Gawo. Mutumin yana kewaye da siffofin marmara masu takalma a ƙafa, ina jin su ne suka tuna masa da aikin Gobirawa. Daga baya, a 1710, wasu limaman Kirista biyu suka taso daga Tarabulus, ɗayansu Carlo Maria mutumin Genoa, suka bi ta Agadas, ajali ya riske su a Katsina a 1711.

Duwatsun ado su ne zuciyar cinikin Italiya da ƙasar Hausa, sun kuma cancanci a dube su da kyau. A 1291 hukumar Venis ta mayar da matoyar gilashi zuwa tsibirin Murano saboda tsoron gobara, ta kuma tsare sirrin sana'ar da dokoki masu tsanani. A ƙarshen ƙarni na 15 aka fito da dutsen nan mai tauraro, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga wata mace, Marietta Barovier. Mai aiki zai ɗebo narkakken gilashi a bakin sandar ƙarfe, ya busa masa rami, ya danna shi cikin mazubi mai haƙora, ya tsoma cikin wani launi, ya sake dannawa, fari bisa ja, shuɗi bisa fari, har hawa bakwai a tsofaffin. Sai mutum biyu su kama, kowa ya ja nasa gefen suna nesanta da juna, gilashin ya miƙe ya zama doguwar sanda mai huda a tsakiya. A yanka guntu-guntu, a goge bakin kowanne a kan dutse, sai haƙoran launukan su bayyana zagaye da hudar. Wani nau'in kuma, mai furanni, ana yanka siraran sandunan ne ƙwaya-ƙwaya, a manna su a jikin dutse mai zafi har su narke su zama fata ɗaya. Wanda ya riƙe irinsa a tafin hannu ya juya shi a rana zai ga babu fure biyu da suka yi daidai, kuma bakin hudar ya cinye ya yi santsi saboda shekarun da ya yi yana gogar zare da wuyan mace. Ƙananan kuwa, 'yan mitsi-mitsi, matan talakawan Venis ne ke zama a ƙofar gida da tire a cinya suna shirya su a zare, ana biyansu kuɗi kaɗan. Tsakanin hannun waccan mata da wuyan amaryar Tasawa akwai teku ɗaya, hamada ɗaya, da dillalai masu yawa.

Murjani ma daga wannan teku yake. A Trapani ta tsibirin Sisili, a ƙarni na 16 da na 17, ana sassaƙa shi a yi siffofin waliyyan Kirista da kayan coci. A Torre del Greco, kusa da Napoli a gindin dutsen Vesuvius, masunta sun daɗe suna ciro shi, a 1805 kuma aka buɗe masana'antar sarrafa shi ta farko a garin. Reshe ɗaya zai iya zama siffa a majami'a, ɗan'uwansa a huda shi ya zama abin wuya a ɗakin Bahaushiya, wadda ta san sunansa tun daga Suratur Rahman. Takarda mai wata uku kuwa a yankin Venis ake yin ta, kuma a ƙarni na 19 gidan Galvani na Pordenone ya mamaye kasuwar. Idan ka ɗaga shafin tsohon Alƙur'ani rubutun hannu daga Katsina ko Damagaram ka saita shi da haske, sau da yawa za ka ga jinjirin watan nan uku a jere cikin jikin takardar. Mai masana'antar Kirista ne, amma ya san tambarin da zai kwanta wa malami a rai. A kan wannan takarda alarammomi suka zuba zayyana da jan tawada da zarnihi.

Fuskar da ta fi keta wannan shinge na ƙin siffar mutum ita ce ta Maria Theresa a jikin liyari. Kuɗin Ostiriya ne, kullum da shekarar 1780 a jikinsa ko yaushe aka buga shi, kuma a ƙarni na 19 Milan da Venis suna cikin wuraren da ake buga shi, lokacin da suke hannun Ostiriya. An karɓe shi ne don azurfarsa ba ta ha'inci. Da yawa maƙeran fari suka narke suka yi mundaye da zobba, saura mata suka huda suka rataya.

Ƙarshen hanyar ya zo da sauri. A watan Yulin 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta bar gawawwaki a Birnin Ƙonni da sauran garuruwan da ta ratsa, ta watse a ƙasar Tasawa: aka harbe Kanar Klobb, wanda aka aiko ya tsayar da su, a Ɗankori, kwana kaɗan bayan haka sojojinsu suka kashe jagororin biyu a wajen Maijirgi, inda kaburburansu suke. Turawa suka ja iyaka ta raba tsohuwar ƙasar Katsina biyu. A 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, a wannan shekara kuma layin dogo ya iso Kano daga kudu. Kayan Turai suka koma shigowa ta Legas. Fataken Gadamus suka watse, Tasawa ta juya wa arewa baya.

Bayan shekara sittin sai kayan suka fara komawa inda suka fito. A ƙarshen shekarun 1960 samarin Amurka da Turai suka kamu da son tsofaffin duwatsun Venis, fataken Hausawa kuma suka shiga ƙauyukan Afirka ta Yamma suna saye daga hannun tsofaffin mata, suna shiryawa a zaren kaba. Daga duwatsu aka zarce zuwa sassaƙen itace na Kodebuwa da Mali. Christopher Steiner ya rubuta littafi a 1994 kan waɗannan 'yan kasuwa a Abidjan, an kuma yi fim a kan ɗayansu, Gabai Baare, Bahaushen Nijar da ke kai kaya har Amurka. Ban ga laifin wanda ya sayi abin wuya daga mai shi da yardarta ba, ko da raina yana sosuwa idan na tuna cewa dutsen da aka saya da kuɗin goro yanzu yana bayan gilashi a wani kanti. Ɓarnar gaske ta fara ne lokacin da kasuwa ta gano cewa a ƙarƙashin ƙasarmu akwai abin da ta fi so, wato mutum-mutumi.

Ashe muna da su. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani kai na gasasshen yumɓu a ƙauyen Nok da ke kudancin Kaduna. A 1943 aka kawo wa wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wani kan daga Jama'a, wanda aka ce an taɓa kafa shi a gonar doya don korar ɓarna. Binciken da Jami'ar Frankfurt ta fara a 2005 ya nuna an soma gina waɗannan siffofi wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa. Ma'ana, lokacin da maginin Cerveteri ke gasa mijin nan da matarsa, takwaransa a nan ya riga ya gaji sana'ar kaka da kakanni. Daga baya wasu nau'i biyu suka ɓullo a kantunan Paris da Brussels, ana kiransu da sunan Sakkwato da Katsina. Na Sakkwato suna da gira mai nauyi da ta rufo idanu, da gemu, fuska a murtuke. Na Katsina sau da yawa mutum ne a zaune bisa kifaffiyar tukunya, gwiwoyi a ɗage, hannuwa a kan gwiwa, kai dogo da 'yar hula, idanu a lumshe. Gwajin da ake yi wa yumɓun yana ba su shekara wajen 2,000. Kusan dukkansu da dare aka tono su. Sunan Katsina da ke jikinsu dillalai ne suka liƙa, babu wanda ya rubuta ramin da kowanne ya fito, ko abin da ke kwance kusa da shi, ko a wane gefen iyaka yake. Wannan ya shafi Tasawa da Mayahi kai tsaye, domin mutanen da suka gina siffofin ba su san da iyakar da ke tsakanin Jibiya da Ɗan Isa ba.

A Nijar abin ya faru a idon kowa. A 1975 aka gano maƙabartar Bura a yankin Tera, a 1983 Boube Gado na Jami'ar Yamai ya tone ta bisa ƙa'ida, ya sami tuluna 630 a ɗan fili kaɗan, wasu da kawunan mutane a bisa, da mahayin dokin nan da ya yi suna. An nuna su a Paris a 1993 cikin baje kolin kwarin kogin Kwara. Masu kuɗi suka gani suka yaba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, talauci ya ƙaru, kafin shekaru kaɗan mafi yawan wuraren Bura sun zama ramuka. A gwada wannan da Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, inda aka tone kaburbura uku a 1992 da awo da rubutu. Saboda an bi a hankali, an gyara kayan a Mainz ta Jamus aka dawo da su, yau mun san cewa tun ƙarni na 14 manyan ƙasar Katsina suna da tasoshin tagulla daga gabas, da zinariya da wuri da mundayen hauren giwa. Rami ɗaya da aka tone da ilimi ya ba da labarin da ɗaruruwan siffofin sata ba su bayar ba.

Na san abin da wani zai ce: gumaka ne, a bar su su tafi. Ban raina wannan magana ba, daga kishin tauhidi ta fito. Amma babu wanda ya ce a bauta musu. Masar ƙasar Azhar ce, tana tsare da siffofin Fir'aunoni, ɗalibai suna karatu a kansu. Wanda ya tona kufai ya sayar da abin da ya samu bai rusa gunki ba, ya dai mayar da shi ɗakin wani attajiri, ya kuma shafe shaidar cewa kakanninsa sun zauna a wurin, sun yi noma, sun ƙera ƙarfe, sun binne matattunsu da daraja.

Italiya ta sha irin wannan ɗaci kafin mu. Napoleon ya kwashe manyan sassaƙenta zuwa Paris, sai a 1815 Fafaroma ya aiki masassaƙi Antonio Canova ya karɓo da yawa daga ciki. Manomanta ma talakawa ne, su ma sun yi ta fasa kaburburan Etruskawa da dare. Dokar 1909 ta ce duk abin tarihi da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, amma doka ba ta tsare rami. Abin da ya canza lamarin shi ne rundunar jandarmomi ta musamman da aka kafa a 1969, aikinta kawai bin sawun kayan tarihi, da ajiye hoton duk abin da aka sace. A 1995 aka fasa ma'ajiyar dillali Giacomo Medici a Jeneva, aka sami dubban hotunan kaya, wasu da ƙasar kabari a jikinsu. Da waɗannan hotuna aka tunkari manyan gidajen tarihi na Amurka. Kaskon Euphronios, wanda aka sace daga Cerveteri a 1971 aka sayar a New York kan dala miliyan 1, ya dawo a 2008. Siffar Morgantina, wadda gidan tarihin Getty ya saya dala miliyan 18 a 1988, ta koma Sisili a 2011, aka ajiye ta a ɗan garin Aidone kusa da inda aka tono ta. Ita ma Italiya an bi ta bashi ta biya: ta mayar wa Habasha dogon dutsen Aksum a 2005, ta mayar wa Libiya siffar Venus ta Cyrene a 2008.

Mu ma ba mu rasa dokoki ba. Nijar da Najeriya sun shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan tarihi tun 1972. Najeriya ta kafa hukumar gidajen tarihi a 1979, Nijar ta yi dokar kare kayan gado ta 30 ga Yunin 1997, gidan tarihin Boubou Hama yana nan a Yamai tun 1959. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutum a wurin da abin ke faruwa. Mai haƙar rijiya a Kanambakashe ko manomi a Gazawa da garmarsa ta ci karo da tsohuwar tukunya, mai gari zai fara gaya wa, idan ya gaya wa kowa. Mai gari ya kamata ya san wanda zai kira, wanda aka kira ya zo da abin ɗaukar hoto da ma'auni kafin dillali ya riga shi, a kuma saka wa manomin da wani abu, kamar yadda dokar Italiya ta tanadi lada ga wanda ya tsinci abu ya kai rahoto.

A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta fitar da jerin kayan Afirka da ta ce kada kowa ya saya, Nok da Sakkwato da Katsina da Bura duk suna ciki. A watan Afrilun 2000 ɗin Shugaba Chirac na Faransa ya buɗe sabon zaure a gidan tarihin Louvre, a ciki akwai siffofin Nok biyu, akwai kuma ta Sakkwato ɗaya a hannun Faransa, duk an saye su daga wani dillali a Brussels. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, har a 2002 aka daidaita: Faransa ta amince siffofin uku mallakar Najeriya ne, Najeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25, da damar sabuntawa. Wa'adin farko yana cika a 2027.